Duwatsun da Ba a Jera Ba

Kai da kake cewa kuskurenka naka ne kai kaɗai, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani direban babbar mota da ya tsufa a hanyar hamada, har ta kai in ya ce ga inda za a bi, ba mai ƙara tambaya. Yana da ƙane guda, shi ya koya masa tuƙi. Ƙanen nan ya sayar da gonarsa ta gado ya sayi tsohuwar gingimari, ita ce cinsa, ita ce shan 'ya'yansa. Wata tafiya, wan ya riga tashi da kaya marasa nauyi, tabarmi da robobi, ya bar ƙanen a tasha ana yi masa lodin gero da siminti, zai biyo baya.

To a hanyar nan akwai wata mararraba. Ta dama ta bi ta kan duwatsu, doguwa ce, tana cin taya kamar gara. Ta hagu ta ratsa wani farin fili, tsohon tafki ne da ya ƙafe, shimfiɗe kamar faranti. In ya bushe da gaske, yanke ne mai daɗi. Amma in an yi ruwa can kan tsaunuka, ko ɗigo bai sauka a wurin ba, ruwan yakan biyo ta ƙarƙashi, sama ɓawon gishiri, ƙasa taɓo. Shi ya sa direbobi suke da ƙa'ida biyu. Kafin ka shiga, ka sauka ka caka sandar ƙarfe. In kuwa ka tarar wurin ya ɓaci, ka jera duwatsu a bakinsa, ka tare hanyar don na baya.

Mutumin naka, wato wan, ya iso mararrabar da rana tsaka. Ya leƙa ta taga, ya ga fili fari fat, ya ce a ransa shi da wurin nan ai sun san juna. Sandar tana nan bayan kujera, bai ko taɓa ta ba. Ya yi nisa a ciki sai ya ji sitiyari ya yi nauyi, bayan motar yana zama. Amma gwani gwani ne, bai taka birki ba, ya karkata a hankali ya kama wani zirin tsakuwa, ya yi ta lallaɓawa har ya ɓulla kan hanyar duwatsu can gaba. Rashin nauyin kaya ne ya fisshe shi, shi ma ya sani.

Da ya tsaya yana share gumi, ya tuna da duwatsun. Ya dubi baya, mararrabar ta yi nisa, ga rana, ga mai yana ƙasa. Waɗannan duk hujjoji ne na baki. Abin da ke cikin ransa daban: kowane direba ya san sawun motarsa, don tayarsa ta baya ta hagu zanenta ya bambanta da sauran. Duk wanda ya ga duwatsu a kan sawun nan zai san cewa wane ne ya shiga bai gwada ba, kuma kafin mako ya zagayo an yi shayi da labarin a kowace tasha. Ya ce ai kowa yana da sanda, kowa zai gwada. Ya ba mota wuta.

Ya isa inda za shi, ya sauke kaya, ya jira ƙanensa. Ranar da ya kamata ya iso ta wuce, wata ta bi ta. Tun ba a ce masa komai ba ya san inda zai nema. Ya ɗauki ruwa da sarƙa da wasu direbobi biyu, suka koma. A mararraba ya sauka, wannan karon kam ya sauka, ya ga sawu biyu sun shiga farin filin, na biyun ya hau kan na farkon daidai, bai kauce ko taƙi ɗaya ba. Can ciki suka hango gingimarin ta nutse har gadonta, ƙanen yana kwance a inuwarta, leɓɓansa sun tsage. Da aka ɗiga masa ruwa ya samu bakin magana, bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Na sauko da sandar a hannuna, Yaya," in ji shi. "Sai na ga sawunka. Na mayar da ita."

Rai ya yi saura, mota kuwa ba ta fito ba. Sarƙa ta tsinke, taɓo ya ƙara haɗiye ta, gishiri ya ci injin. Ƙanen ya koma ɗaukar buhu a tasha, yana yi wa motocin wasu lodi. Wan ya yi masa tayin tasa motar, ya ce a'a, Allah ne bai nufa ba. Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo, kuma da shi tsohon ya ƙarasa kwanakinsa.

Har yau kan gingimarin yana nan tsaye a farin filin, ya yi tsatsa. Direbobi daga nesa suke hango shi su karkata dama. Alamar da ya ƙi sawa da duwatsun da za su cika hannu biyu, ya sa ta da dukiyar ɗan'uwansa.

Don haka kafin ka ce ba ruwan kowa da inda ka taka, waiga ka ga wa ke bayanka. Hausawa sun riga sun faɗa: inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha.