Ƙwayar Saita Barci

Kullum bayan abincin dare, matarsa kan ɗora masa ƙwayar a tafin hannu, ta miƙo masa ruwa. Tun da ciwon suga ya cinye wa tsohon direban ido, barcinsa ya rikice. Likita ya ce jiki na da agogonsa, haske ne ke saita shi, wanda ba ya ganin haske kuwa sai a saita masa da magani. Lokacin sha, ita ke faɗa masa.

Ranar da ya faɗo daga matakalar bene tana wurin aiki, ta ce ta ajiye aikinta na kamfanin sabulu, ɗan fanshonsa zai riƙe su. Bai hana ta ba. Tsoron zama shi kaɗai ya fi ƙarfin kunyarsa.

Magani ya yi aiki. Shi ya samu barci, ita ta rasa. Tana yanke masa farce tana hamma, yana ba ta labarin hanya tana gyangyaɗi. Baƙi suka ɗauke ƙafa, unguwa ta yi tsit, ya ce ai haka mutane suke. Har zakaran maƙwabta ya ruɗe, sai da yamma yake cara.

"Shi ma a ba shi ƙwayar nan, uwargida," ya ce. Ta yi 'yar dariya ta gajiyayyu.

Wata rana ya farka cikin barci, ya kai hannu gefenta, ya ji katifa da sanyi. Ya kira ta, fanka kawai ke ruri. Magani ya sake jan sa, amma ya tashi da abin a ransa. Mace da sauran ƙuruciyarta, miji makaho: lissafin bai yi masa wuya ba, ciwo dai ya yi masa.

Da ta sake ba shi ƙwayar, sai ya danne ta ƙarƙashin harshe.

"Sai da safe, maigida," ta ce, ta ja masa mayafi.

Ya kwanta lamo. Ya ji ta watsa ruwa, ya ji ta goge kaya, ya ji takalmi, ya ji makulli. Bai ma iya fushi ba, ya gaji. So yake kawai ya ji motar wa ke jiran matarsa a tsakar dare.

Ya lallaba da bango har tagar da matarsa ke rufewa saboda sauro. Ya yaye labule mai kauri, ya tura ƙyaure da ƙarfi.

Ɗumin rana ya dake shi a fuska, hayaniyar 'yan makaranta ta cika ɗakin, can ƙasa kuma wata mata na ƙwala wa matarsa kira: "Yi sauri, 'yar'uwa, motar kamfani za ta tafi ta bar mu!"