Fitilar Bayan Kunnen Inna

Sai da mantuwa ta kama Inna sannan Ɗanlami, da furfurarsa, ya san daɗin uwa. Ta manta shi ne ɗan farinta, wanda kunya ta hana ta ko kiran sunansa. Takan riƙe hannunsa, suna hira.

Aka dasa mata sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake yi wa tsofaffi yanzu, da 'yar fitila a bayan kunne mai kamawa idan sun fara aiki.

Yau yana sallama fitilar ta kama. Inna ta dube shi, ta janye hannunta, ta kawar da kai.

"Barka, Malam, ta gane ka!" in ji mai jinya.

"Ta gane ni," ya ce, yana kallon hannunsa.