Bargon Ranar Sallama

Ta ɗaga biro za ta sa hannu a takardar kwamitin fansho ke nan, sai hayaniyar harabar jami'a ta ɗauke ɗif.

Ta leƙa ta taga. Tsofaffin ma'aikata ne ke shigowa a jere, malamai da direbobi da matan da suka tsufa suna tuƙa wa ɗalibai sadza, tuwon masarar ƙasar nan. Ba kwalin zanga-zanga, ba waƙa. Kowa na rungume da bargon nan mai ruwan toka da ake yafa wa ma'aikaci ranar sallamarsa.

"Su kaka sanyi suke ji," in ji shugaban jami'a yana dariya. "Sa hannu mana, Madam. Shawara ce kawai: a ɗan rage fansho, asibitinmu ya koma na masu aiki kaɗai."

Ta sake duban tsofaffin ta taga. Ɗaya bayan ɗaya suke ninke bargunan, suna ajiyewa a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi a gidan makoki a nan. Can a ƙarshen layi ta hango wani ɗingishi da ta sani tun tana yarinya. Ta sauko a guje.

Mahaifinta ne, wanda asibitin ke wanke wa ƙoda duk mako.

"Baba, me ya fito da kai?"

Ya ɗora mata bargon a hannu, ya gyara gefensa a hankali.

"An ce ke ce shugabar kwamitin, 'yata. Ajiye a wajenki. In lokacin ya yi, kada ki wahala sayen sabo. Da wannan za ku naɗe ni."

A ƙarƙashin bargon, biron na hannunta har yanzu, a buɗe.