Injiniya Mamuda da Dokar Leda

Akwai wani dattijo a ƙungiyar masu masana'antu da ba ya barin sabon shugaban kamfani ya tashi daga gabansa da barka kawai. Sai ya zaunar da shi ya ba shi wannan misali.

Yakan ce an yi wani Injiniya Mamuda, mutum mai kaifin basira, wanda ya fara da gyaran injunan mutane har Allah ya buɗa masa ya kafa tasa masana'antar buga leda. Siririyar baƙar leda ce sana'arsa, irin wadda mai tumatir da mai ƙosai ke ƙulla wa mai saye kaya a ciki. Injunansa ba sa hutawa, motocinsa na kai kaya har kasuwannin ƙauye, gidaje da yawa kuma da albashinsa suke ɗora tukunya. Da gwamnatin jiharsu ta fara maganar hana siririyar leda, da tilasta wa masu buga ta su riƙa tattara tsohuwa suna sake narkawa, sai aka sa shi cikin kwamitin tsara dokar, don babu wanda ya fi shi sanin harkar. Mamuda bai taɓa cewa dokar ba ta da kyau ba. Shi dai a kowane zama ƙarin lokaci yake nema: bana wutar lantarki ba ta zauna ba, baɗi ga zaɓe, kada kuma a jefa ma'aikata cikin yunwa. Hujjojinsa na shiga kunne, ana kuwa ɗaga masa. Tun yana shiga zaman da fargaba, har ya saba, ya ɗauka dokar nan a aljihunsa take.

A kwamitin akwai wata Hajiya Kubura, wadda masana'antarta ba ta kai rabin tasa ba. Ita ma ba ta ƙi a ɗaga ba, sai dai duk wa'adin da aka ƙara, amfani take yi da shi. Ta nemi masu zuba jari irin waɗanda ba sa sa dukiyarsu sai a sana'ar da ba ta ɓata ƙasa, ta jure tambayoyinsu da yawan zuwansu duba wurinta. Ta sayo injin wanke tsohuwar leda da na narka ta, ta tura ma'aikatanta koyo, ta shirya da 'yan jari-bola su riƙa kawo mata abin da suka tsinto. Bokitan da ta fara fitarwa daga narkakkiyar ledar tsagewa suke yi, 'yan kasuwa na dawo mata da su, ta yi ta gyara har suka yi ƙwari. Masu jarin nan kuwa Mamuda suka fara nema, domin shi ne babba. Ya tarbe su da lemo da fara'a, ya ce su dawo idan doka ta tabbata. Ranar da Kubura ta ba shi shawarar ya fara ko da inji guda ne, murmushi ya yi.

"Hajiya, ai ni da ke muke rubuta dokar nan," in ji shi. "Ranar da za ta fito, ni zan fara sani."

To, ruwan sama ba ya cikin kwamiti. Wata damina aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanun birni suka toshe, ruwa ya shiga babbar kasuwa da gidajen da ke bayanta, katangu suka faɗi, aka rasa rayuka. Da aka buɗe kwalbatoci, leda aka yi ta jawowa curi-curi, jama'a na tsaye suna kallo. Gwamnati ba ta sake kiran kowa shawara ba. A rediyon motarsa Mamuda ya ji an sa wa dokar hannu, an kuma ba masana'antu ɗan gajeren wa'adi.

A ba shi haƙƙinsa, bai zauna ba. Ya buga wa masu jarin waya, suka ce suna nan kan bakansu, amma binciken da suke yi kafin su saki jari ba a yin sa da gaggawa. Ya aika a sayo masa inji daga waje, aka ce sai an ƙera, sannan a ɗoro shi a jirgin ruwa, sannan ya bi layi a tasha. Ya nemi 'yan jari-bola, ya tarar sun riga sun yi alkawari da wadda ta san su tun ba a bukatarsu. Cikin ma'aikatansa kuma babu wanda ya taɓa narka tsohuwar leda. Wa'adi ya cika, jami'ai suka zo suka datse ƙofar masana'antar da kwaɗo. Mamuda ya tsaya a bakin ƙofa ya sallami mutanensa da bakinsa, yana kiran kowa da sunansa, yana neman afuwa, ya kasa haɗa ido da dattawan cikinsu. Kubura ta ɗauki waɗanda za ta iya ɗauka, wasu suka koma gona, wasu suka kama acaɓa. Injin dai ya iso daga baya, sabo fil a akwatinsa, ya tarar babu sauran masana'antar da za a kafa shi.

Nan dattijon yakan tsaya, ya dubi sabon shugaba ya ce Mamuda bai rasa ilimi ba, kuma ya riga kowa sanin abin da ke tafe. Duk abin da ya fita nema a ƙarshe akwai shi a duniya, lokaci ne kawai ya ƙare masa. Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.