Allon Shagon Babana

Ina aji huɗu a firamare lokacin da babana ya rubuta allon shagonsa na aski a Lamashegu. Wata shida ke nan da ya shiga ajin manya yana koyon boko, bayan ya haura shekara arba'in.

Da la'asar na dawo na tarar da shi a ƙofar shago, hannunsa duk shuɗin fenti, abokansa uku suna zaune a benci suna yaba masa. Har yau ina jin warin fentin nan da kananzir. Ya rubuta BABA SHOP da manyan baƙaƙe.

"Hawa, zo ki karanta wa iyayenki," in ji shi, yana murmushi.

Na karanta, na fashe da dariya. "Baba, ba haka ake rubuta wanzami da Turanci ba! Ko 'yan aji biyu sun sani."

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce a hankali, "Madalla. Don haka na kai ki makaranta."

Ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Bai sake komawa ajin ba.

Gyaran da na yi daidai ne, amma ban taɓa jin daɗinsa ba. Har ya rasu, da yatsa yake dangwala wa takarda, kuma ni nake nuna masa wurin.