Jijiyoyina Ma Sun Sani

"Ku daina yi mini ƙus-ƙus a gidana!" Na buga sanda a ƙasa.

Tun ranar da uwar yarana ta raka ni asibiti, likita ya duba mu duka biyu, in na shigo ɗaki sai kowa ya yi tsit. Ban yi boko ba, amma na daɗe ina kasuwanci, na san fuskar mai ɓoye magana.

Na tsare autata, mai binciken cutar daji. "Ke, me kike karantawa kullum a wayar nan?"

"Baba, yadda ƙwayoyin jijiyar jini ke aika wa juna saƙo ne. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa in ya sha zafi, daji kan fake da shi, jijiyoyi su yi ta kai masa abinci."

"Wato har jijiyoyina sun sani, ni kaɗai aka mayar sakarai! Faɗa mini, wata nawa ya rage mini?"

Ta fashe da kuka. "Lafiyarka ƙalau, Baba. Mama ce. Ita ta ce kada ka sani."

Daga kicin uwarsu ta ɗaga murya: "Malam, a zubo maka yanzu, ko sai ka gama faɗan?"