Kabejin Baban Yara

"Kar ki soya, kar ki tafasa! Turarawa kawai!"

Waƙar maigida ke nan kullum, tun da ya rungumi tsarin abincin nan na alkalin, wai mai kashe tsamin jiki. Ya kori nama daga gidan, ya kori mai. Suya tana ƙone amfanin ganye, in ji shi, tafasa kuma tana zubar da shi a ruwa. Yara suka yi ta kuka. Matarsa dai ta ce, "To, Baban yara."

Abin mamaki, kabeji da karas ɗin da take turara masa daɗi kamar ya tsinke kunne. Har a wurin aiki yake cika baki: "Ku ba ku san ɗanɗanon ganye na asali ba!" Yaran ma suka daina ƙorafi, kumatu sai sheƙi. Ya ce a ransa, gaskiya ta yi halinta.

Ran nan ya dawo da wuri, ya faɗa kicin zai ɗauki bidiyo ya tura wa abokai su koya. Ya ɗaga madambacin da ake turara kabejin a ciki. A tukunyar ƙasa, naman rago ne ke tafarfasa cikin kitse.

"Maman yara! Mene ne wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Ai kai ka ce lafiya tana cikin tururi. Shi ya sa muka bar maka shi, mu muka haƙura da naman."

Ya haɗiye yawu, ya mayar da madambacin a hankali.

"Gobe ki ƙara romon, ya ɗan riƙa taɓo kabejin."